Waina Muka Raba Husaini Yana Mana Ban Kwana

Shekara goma sha huɗu ke nan, a wannan wata na Sha'aban, da rasuwar Husaini, ɗan'uwana da muka zo duniya rana ɗaya. Ni ce Hassanar. Na riga shi fitowa da 'yan mintuna, kuma har ya bar duniya bai yarda na girme shi ba. Muna da shekara goma sha shida ya tafi. Yau ina da talatin, ina koyarwa a wata sakandare a Garaku, da miji da 'ya'ya biyu, shi kuwa yana nan yadda na san shi, dogo siriri, da tabo a haɓa na ranar da ya faɗo daga katanga yana bin tattabara.

Duk wanda ya tambayi mutanen gidanmu a Tudun Ƙofa da ke Keffi me ya kashe Husaini, amsa ɗaya zai samu: zazzaɓi ne na kwana biyu. Haka aka faɗa wa masu zuwa gaisuwa, haka aka faɗa a makarantarsu, haka aka koya wa yaran da aka haifa bayansa. Ni ma na faɗa, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Bana na gaji. Husaini bai yi zazzaɓi ba. Kansa ya kashe, bayan ya shafe shekara guda yana ciwo a gaban idonmu muna dukansa. Na san akwai waɗanda ba za su ƙara amsa gaisuwata ba idan suka karanta wannan. Su riƙe abarsu. Akwai yaro mai rai da wannan ƙarya take neman ci, kuma saboda shi nake rubutun.

Ciwon ya fara ne da mutuwar Innarmu, kuma tare ya kama mu. Ranar da aka fita da ita, ni aka shigar ɗaki wurin Gwaggo, mata suka kewaye ni, wannan ta rungume, waccan ta miƙo ruwa. Na yi kuka har muryata ta dushe, babu wanda ya ce mini kanzil. Husaini yana tsaye a bakin zaure hawaye suka zubo masa. Kawu ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Kai, share wannan. Namiji ne fa kai. In ka yi kuka, 'yar'uwarka ta yi me?" Ya share. Aka tafi da shi maƙabarta, ya ga abin da ni ban gani ba, ya dawo aka zaunar da shi a tabarma a ƙofar gida kwana bakwai, duk wanda ya ce masa "ya haƙuri" ya ce "da godiya." Uwa ɗaya muka rasa. Ni aka ba ni kwana arba'in in yi kukanta, shi ko minti ɗaya cikakke bai samu ba.

Bayan arba'in kukana bai tsaya ba. Na daina cin abinci, na daina fita, gabana yana faɗuwa ba dalili, hannuna yana rawa idan malami ya kira sunana a aji. Kada wani ya ɗauka gata aka yi mini don ina mace. Da farko aljanu aka ce. Na sha hayaƙi har idona ya yi ja, na sha rubutu kofi-kofi. Wata a dangi ta ce shagwaɓa ce, wata ta ce a bincika, wataƙila wani saurayi ne ya yaudare ni. Babu sunan da ba a raɗa wa ciwona ba, sai nasa na gaskiya. Amma ko ba komai an yarda wani abu yana damuna, domin nawa a fili yake, da hawaye da majina.

Maƙwabciyarmu Maman Bitrus ce ta cece ni. Tsohuwar nas ce, 'yar ƙabilar Mada, katanga ɗaya ta raba gidanmu da nata. Wata safiya ta tsaya a ƙofar zaure ta ce wa Baba, "Malam, yarinyar nan ba iska ba ne. Ku yi addu'arku, amma ku kai ta asibiti. Ni na ga irinta da yawa." Baba yana jin nauyinta, sai ya yarda. A asibiti na fara jin sunan abin, ciwon damuwa. Aka ba ni magani, aka ce in riƙa zuwa duk bayan mako biyu ina magana da likita.

Shi kuwa Husaini bai yi kuka ba ko sau ɗaya. Abin da ya yi daban ne. Yaron da ba a raba shi da fili ya ajiye ƙwallo. Ya fasa wa wani baki a makaranta saboda maganar da ba ta kai ta kawo ba. Ya faɗi jarrabawa, shi da yake koya mini lissafi. Ya rame, ya zama ko magana aka yi masa sai ya buga ƙofa ya fice. Wuni yake a bayan ɗakin girki, inda ya kafa wa tattabarunsa kwalaye da tsofaffin tukwane, yana watsa musu dawa ba ya ce da kowa komai. Nasa ma an raɗa masa sunaye: taurin kai, rashin kunya, abokan banza. Har aljihunsa aka caje ana neman ƙwaya, ba a samu komai ba sai ƙwayar dawa.

Babban yayanmu, Yaya Sani, a lokacin sabon ma'aikaci ne a Abuja, yana dawowa duk Juma'a. Da ya ajiye jaka sai a karanta masa laifuffukan mako, shi kuma ya ɗauko dorinar da ke rataye a bayan ƙofar zaure. "Disifilin ne babu," haka yake cewa. Husaini ba ya gudu, ba ya ihu, tsayawa yake ƙyam har Yaya ya gaji. Wannan ma laifi ne, wai bushewar zuciya. An hana shi kuka ranar da ya kamata ya yi, sannan aka dawo ana dukansa don ba ya yi.

Abin da ya fi ci mini rai har gobe shi ne wannan. Husaini ne yake raka ni asibiti. Ba a barin 'ya mace ta fita ita kaɗai, shi aka ɗora wa aikin. Shi yake riƙe mini katina, shi yake tsayar mana da mai babur, ni in shiga wurin likita, shi ya zauna a bencin da ke ƙofar ɗakin. Wata bakwai yana zama a wannan benci. Tsakaninsa da likitan bai fi taku uku ba. Babu wanda ya taɓa cewa, kai ma shigo, uwarka ce ta mutu kai ma.

Wata rana muna dawowa a ƙafa ya ce, "Hassana, wai me likitan nan yake tambayarki ne kullum?"

Na ce yana tambaya ko ina samun barci, ko akwai abin da yake mini daɗi, ko ina jin kamar gara a ce babu ni.

Muka ɗan yi tafiya. Sai ya ce, "Shi ke nan? To ai kowa ma haka yake ji."

Dariya na yi. Na ce, "Kai dai lafiyarka ƙalau, fitina ce kawai take damunka." Shi ma ya yi dariya. Ba na ware kaina daga fushin da nake yi. Da bakinsa ya gaya mini, ni da nake shan maganin ciwon, na mayar da abin tsokana, domin ni ma a gidan nan na tashi, kuma a gidan nan namiji ba ya irin wannan ciwo.

Sai Sha'aban ya shigo. Duk wanda ya tashi a garin nan ya san idan azumi ya matso akan zaga a nemi gafarar juna, yara su durƙusa wa manya, a shiga Ramadan da zuciya wankakkiya. Ana saura kwana goma Husaini ya tashi kamar an canza shi. Ya yi aski, ya wanke kayansa ya goge. Ya durƙusa a gaban Baba ya ce, "Baba, ka yafe mini duk abin da na yi maka." Ya taka har unguwar Yara wurin Gwaggo, ya hau mota ya je Garaku wurin Kawu, kowa ya nemi gafararsa. Ya je gidan yaron da ya fasa wa baki ya ba shi takalmin ƙwallonsa. Ya tari Yaya Sani a zaure ya ce masa ya gode da duk abin da ya yi masa. Daga ƙarshe ya kama tattabarunsa kaf, ya zuba a kwando, ya kai wa Maman Bitrus, ya ce ta riƙe, shi karatu zai sa a gaba.

Gidanmu ya cika da murna. Baba ya yi hawaye, ya ce Allah ya karɓi addu'arsa, yaro ya shiryu. Gwaggo ta ce rubutun malaminta ne ya ci. Yaya Sani ya nuna bayan ƙofa ya ce, "Kun ga aikin dorina?" Ranar Alhamis Baba ya sa aka jiƙa shinkafa aka yi waina ƙwarya biyu, aka raba wa unguwa sadakar godiya. Ni na kai ta gida-gida, ina faɗa wa mutane Husaini ya shiryu. Shi da kansa ya ci guda uku, ya ce ta yi daɗi. Yaro yana mana ban kwana ɗaya bayan ɗaya, mu muna soya waina.

Ranar Asabar bayan azahar aka same shi. Ba zan faɗi yadda ya yi ba, babu amfanin da zai yi wa kowa. Kafin la'asar manya sun gama shawara a zaure, zazzaɓi ya zama shi ne labari. Hukuncin Husaini yana wurin Ubangijin da ya san abin da yake ɗauke da shi, kuma ina roƙa masa rahama a kowace salla. Na san abin da addini ya ce a kan wanda ya kashe kansa, ba sai an aiko mini da tunatarwa ba. Abin da nake jira a tuna mana shi ne me addini ya ce a kan waɗanda aka ba amanar yaro marar lafiya suka yi masa magani da bulala.

Na yi shekaru kafin na iya faɗa wa likitana gaskiya. Da na faɗa, sai ya cire tabarau. Ya tuna yaron benci sarai. Ya ce mini 'yan mata sun fi yawa a layinsa, domin daga balaga ciwon ya fi kama su, kuma nasu yakan fito da kuka da fargaba. Samari ba kasafai ake kawo su ba, nasu yakan fito da fushi da faɗa da janye jiki, kuma idan suka yanke shawara sun fi kaiwa ƙarshe. Ya ce wanda ya daɗe cikin ƙunci, kwatsam ya yi sanyi ya fara rabar da abin da yake so yana neman gafara, ba sauƙi ya samu ba, ranar ce ya kamata kowa ya tashi tsaye. Magana ce da ba ta kai minti biyar ba. Da wani a gidanmu ya san ta, da ba a jiƙa shinkafar nan ba.

Nakan tambayi kaina me Husaini zai ce da zai ga Keffin yau. Garin ya bazu har inda muke zuwa cin mangwaro ya zama gidajen haya na ɗalibai. Kowane yaro da waya a hannu. Kalmar da ba mu sani ba a lokacinmu yanzu ta zama abin wasa, yarinya data ta ƙare mata sai ta rubuta wai dipireshan zai kama ta. Na san zai yi dariya, yana son irin wannan shirme. Amma da zai biyo ni makarantarmu, da dariyar ta ƙare. Yarinya ta kifa kai a tebur tana kuka, malamai mata su ce iyayi ne, ko a ce a kira mai ruƙiyya. Yaro ya daina magana, ya yi faɗa sau biyu a mako, a kwantar da shi a gaban asambuli a zane shi. Ita a raina ciwonta, shi a ce ba shi da ciwon ma sam. Na yi magana a taron malamai har an sa mini suna Lauyar Marasa Ji. Ina tsammanin Husaini zai dube ni ya ce, "Au, har yanzu?"

Yanzu ga yaron da na ce saboda shi nake rubutu. Wata bakwai bayan rasuwar Husaini matar Yaya Sani ta haifi namiji, aka mayar masa da sunan marigayin. Da yake babu mai iya furta shi a gidan, sai ake kiransa Halifa. Yana neman shekara goma sha huɗu yanzu. Da ya kai tara, Maman Bitrus ta ba shi tattabaru biyu daga zuriyar waɗancan, ya kafa kwalayensa a bayan ɗakin girkin nan dai. Tun bara ya canza. Ya bar ƙwallo, sakamakonsa ya zube, an kira ubansa makaranta sau biyu saboda faɗa. Na yi wa Yaya magana a lokacin, ya ce, "Ke komai sai ki ce ciwo. Namiji ne, girma ne yake zo masa. Mu ma haka muka yi." Dorinar ba ita ba ce ta da, amma ƙusar da ake rataye ta ita ce.

Ranar Talatar da ta wuce ina cikin aji wayata ta yi ƙara. Maman Bitrus ce, ta tsufa sosai yanzu, muryarta tana rawa. Ta ce, "Hassana, ki zo yanzu-yanzu. Yaron Sani ya kawo mini tattabaru duka a kwando, wai in riƙe. Ni na karɓa sau ɗaya. Ba zan karɓi na biyu ba."

Ban tsaya neman izinin shugabar makaranta ba. Na iske Halifa a tsakar gidan tsohuwar, ta zaunar da shi ta hana shi tafiya, wai sai ya tsince mata wake. Ya yi aski. Uwarsa ta ce mini tun shekaranjiya ya nemi gafararta, har tana cewa Alhamdu lillahi, azumin bana ya zo musu da alheri. Na ja shi gefe, na zauna a ƙasa kusa da shi, na yi masa tambayoyin nan uku da na san su kamar karatun salla. Kana barci? Akwai abin da yake maka daɗi? Kana jin kamar gara a ce babu kai? Ban kewaya ba, ban sassauta ba. Ya dube ni ya ce, "Anti, wa ya gaya miki?" Sai ya fashe da kuka. Ban ce masa ya share ba.

Na tafi da shi gidana a Garaku a ranar, kuma tun daga lokacin ba a barinsa shi kaɗai. Da Yaya ya dawo daga aiki ya kira ni, tun kafin in gama sallama ya rufe ni da faɗa. Wai na ɗauke masa ɗa ba da izininsa ba, wai zan sa a ce ɗansa mahaukaci ne, wai wa zai ba shi aiki ko mata nan gaba idan aka ji an kai shi ɓangaren masu taɓin hankali. Na ce, "Yaya, Husaini wa ya ba shi aiki? Wa ya ba shi mata?" Ya ce, "Husaini zazzaɓi ya yi." Wallahi haka ya ce mini, ni da muka tsaya tare a ɗakin da aka same shi ranar Asabar ɗin. Ya ce in mayar masa da yaro kafin addu'ar shekara da za a yi wa marigayin, in ba haka ba, ba shi ba ni.

Ba na cewa Yaya mugu ne. Na san yana zuwa maƙabarta shi kaɗai duk Juma'a kafin ya shigo gida, mai gadin wurin ne ya gaya wa mijina. Na san idan ya yarda ba zazzaɓi ba ne, to dole ya tuna abin da ya nuna a bayan ƙofa yana alfahari. Shi ma tun yana ƙarami aka ce masa ya share, kuma shekara goma sha huɗu ke nan yana sharewa. Na tausaya masa. Amma ba zan ba shi Halifa ya rufe kunyarsa da shi ba.

Idan na lissafa abin da ya rage na Husaini, ba shi da yawa. Bai bar ɗa ba, bai bar gida ba, hotonsa ma guda biyu ne, ɗaya na katin makaranta. Ya bar tattabaru, suna nan suna ɓata wa Maman Bitrus rufin kwano tana zaginsu tana zuba musu dawa. Ya bar tsohuwar da ta ƙi karɓar kwando karo na biyu. Ya bar ni da tambaya uku da na koyi yi ba tare da dariya ba. Ya kuma bar suna, wanda muka ɓoye a ƙarƙashin Halifa kamar yadda muka ɓoye mutuwarsa a ƙarƙashin zazzaɓi.

Ranar Laraba da safe na kai yaron asibiti. An yi wa ɗakin fenti, likitan ma wani ne sabo, amma bencin yana nan a inda yake. Muka zauna, ina riƙe da katinsa. Na manta cewa a kati ba a rubuta Halifa. Nas ta leƙo ta duba takarda ta ɗaga murya ta ce, "Husaini!" Yaron ya tashi daga kan bencin ya shiga.

Likita ya ce yana son ganin uban. Yaya, na san kana karanta jaridar nan a mota kan hanyar Abuja. Ranar Litinin da ƙarfe tara za su sake kiran sunan, kuma akwai wurin mutum ɗaya a bencin kusa da ni.